Tsohuwar da ta Huda Bindigar Soja

A filin harbi na bayan garinmu a jihar Montana ta Amurka, wata tsohuwa tana zaune kusa da teburina. Gashinta fari fat, gaɓoɓin yatsunta a kumbure. Bindigarta ta yaƙin duniya ce, cikin waɗanda sojoji suka sayar. Ta rage katakon daidai kafaɗarta, ta huda ƙarfen ta ɗora madubin hange.

Dwight, mai tara irin waɗannan bindigogi, wanda ba ya yarda a canza ko ƙusa ɗaya, yana tsaye a kanta.

"Haba Mama, kin kashe tarihi! Wa ya yi miki wannan ɓarna?"

"Ni, da hannuna," in ji ta. "Idona ya daina ganin saitin ƙarfe. Ko in huda ta, ko in zauna a gida."

Ina jin ta daɗe tana zuwa nan, wataƙila da wani wanda yanzu babu shi. Ta kwantar da kunci a kan katakon, ta ja kunama. Can nesa faifan ƙarfen da ake auna wa harbi ya amsa.

Ta ce wa Dwight, "Taka tana can rataye a bango, yaro. Matsa, kana tare mini haske."