Takardar Ammu Bashir

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin buɗe shago a Bab Makka da safen nan maman yara ta kira ni: Ammu Bashir ya rasu a asibiti.

Maƙwabcina ne, Bahaushen Sudan. Yana hawa na huɗu, ina na biyu. Ciwon suga ya raba shi da ƙafa ɗaya.

Duk takardar Larabci da ta shigo gidana shi ke karanta min. Ni karatuna tun a aji huɗu ya yi faci. In sakamakon yarana ya zo da jan biro sai ya ce, "Abu Hafsa, kar ka doke su. Gado ne."

Asansir ɗin imararmu, wato lif ɗin benen da muke haya, ya fi wata bakwai a tsaye. Ran Juma'a mu huɗu ke sauko da shi kan kujerar roba, yana cewa, "Yalla, a hankali, kayan fashewa ne." In ba mu cika huɗu ba, ta taga yake jin huɗuba.

Da ya gaji, ya rubuta wa mai imara cewa gyaran asansir da ɗan gangare a bakin ƙofa haƙƙinsa ne, ba alfarma ba. Ya nemi 'yan haya mu sa hannu. Nan kowa ya tuna iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, da ranar sabunta haya.

Ran Talata na hau gaishe shi, ya miƙo min biro. Na ce, "Ammu, sa hannuna ko banki ba ya yarda da shi, kullum sabo nake yi."

Ya yi dariya, ya mayar da biron aljihu.

"Halas, shi ke nan. Zauna ka sha shayi."

Ya gane tsoro ne. Duk da haka da kansa ya zuba min.

Ba na cewa asansir ne ya kashe shi, ajali ne. Amma sau biyu a watan nan bai ga likita ba, masu ɗaukarsa muna wurin aiki.

Ɗazu na hau yi wa Hajiyarsa gaisuwa, na ce ta ba ni takardar in sa hannu. Daga bayan labule ta ce, "Wa za a sauko da shi kuma, Abu Hafsa?"

Na juya na sauko.

Allah Ya jiƙan Ammu Bashir, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba Hajiya haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. In ta ragu, ku sa da ni.