Zanen Harisu a Ƙofar Gida

A Agege aka yanke wa Harisu cibiya, bayan layin dogo, a gidan wani mai goro da bai bar masa gadon komai ba sai taurin kai. Da taurin kan nan ya gama jami'a. Da safe yana koyar da lissafi a wata makaranta a Abule Egba, sauran lokacinsa kuwa ya sallama shi ga nitirino.

Wani ɗan mitsitsin abu ne da ido ba ya gani, yana ratsa dutse da mutum ba ko sallama. Iri uku ne, kuma yana tafe yana rikiɗa daga wannan zuwa wancan. Harisu so yake ya gano yadda rikiɗar ke sauyawa in abin ya gifta ta gefen baƙin rami, wato gawar tauraro mai haɗiye komai har haske, musamman ramin da ke juyawa yana ɗauke da cajin lantarki. Ƙarfin jan wurin yana lanƙwasa hanya, yana rage gudun lokaci, sai rikiɗar ta kauce wa inda aka saba.

Laifinsa ɗaya, ba ya iya tunani sai da zane. Sai ya tsuguna a ƙofar gida, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja da'ira, ya ɗiɗɗiga, ya goge, ya sake.

Da ya nemi auren Ummu Salma, wadda ta daɗe tana jiransa, aka tura kawunta Baballe bincike. Baballe bai je makarantar ba, bai tambayi liman ba. A teburin mai shayi ya tsaya, aka nuna masa Harisu a tsugune, aka ce zancensa kullum taurari. Shi ke nan, wai bugun ƙasa yake yi!

Harisu ya same shi har gida. "Kawu, wallahi kimiyya ce. Ban san abin da gobe za ta haifar ba."

"Oga, ajiye turancinka," in ji Baballe. "Da idona na gani. Ba ma ba boka 'ya."

Ummu Salma ta yi kuka, ta yi rantsuwa, ba wanda ya saurare ta. Abin haushin, duk masu shaidar nan babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye shi me yake zanawa. Da ta gaji, ta amince da Misbahu, mai tumatir a kasuwar Mile 12.

Ran wata Juma'a bayan an sauko, Harisu na tsugune sai ga Baballe. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya durƙusa kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, abin da ya wuce ya wuce. Ɗan duba mana, wace rana ta fi sa'a a ɗaura auren yarinyar nan?"

Harisu ya ƙura masa ido. Ya miƙe ya shige gida, don ya san in ya buɗe baki sai unguwa ta taru.