Kunnen Mai Gyaran Agogo

Ƙanena mai gyaran agogo ne, kuma tun yana saurayi kunnensa ne jarinsa. Ka miƙa masa agogo, ba zai buɗe ba sai ya kara shi a kunne, ya lumshe ido kamar mai jin gulma, sannan ya faɗa maka abin da ke damunsa. Ni da na goya shi ban taɓa ganin ya saurari ɗan Adam haka ba. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta sha cewa da ta sani da ta zo duniya da batir a baya.

Ɗansa ɗaya tal, aiki ya kai shi nesa, can ya yi aure ya haihu. Yarinyar ta tashi ba ta jin komai sai Turanci. Takan turo wa kakanta saƙon murya, ta yi ta zuba kamar an bar famfo a buɗe, uban kuwa ya fassara da cewa, "Baba, tana gaishe ka."

"Yaya," ya ce da ni, "duk wannan zubar gaisuwa ce? Yaron nan yana cinye mini rabo."

Shi ya sa da furfurarsa ya shiga ajin Turanci na manya, a ɗakin da ke saman kantin magani. Na bi shi rannan, don ni ba a yin abu a bayan idona. Na tarar da tela, da direban tasi, da wata mai kitso, duk sun juya sun fuskanci bango kamar masu laifi. Malamar, wadda suke kira Sake-Ji saboda ba ta da wata magana sai wannan, ta ce idan suna kallon bakinta ido ne ke aiki, kunne na barci. Sai ta kunna musu magana a waya, su faɗi abin da suka kama. Daga nan su taru a gaban kwamfuta su rubuta labari ɗaya tare, kowa ya jefa jimlarsa, a yi ta gardama, a ɗora a shafinsu na intanet, wai shi bulog.

Ƙanena ya zama zakaran aji. Da ya ji ya ƙoshi, ya sa hula sabuwa ya kira jikarsa ta bidiyo. Ina zaune. Yarinya ta buɗe baki, ga giɓi, ga dariya, ga wani abu tana tauna. Malam gwani ya yi ta gyaɗa kai yana murmushin wanda aka taka wa ƙafa a taro.

"Me ta ce?" na tambaye shi.

"Tana gaishe ki."

"Kai ma ka koyi fassarar ɗanka ke nan."

Ya ce shi da aji har abada. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai: yaya mutum zai ji Turanci a saman kantin magani, ya kurumce a gidansa? Na hau benen nan da gwiwoyina masu ƙara, na ce wa malamar, "'Yar nan, muryar wa kike kunna musu?" Ta kunna mini na ji. Ashe duk muryarta ce. Ita ke ɗauka a ɗakinta, a hankali, tsaf-tsaf kamar mai ba jariri magani. Direban tasi ya ce shi ma fasinjojinsa ba ya jin su, amma kunya ta hana shi faɗa. Tela ya ce ya ɗauka sauran mutane ne ba su iya ba.

Malama ba ta yi musu ba. Ta kwashi ajin suka je shagon ƙanena, suka ɗauki hoto, suka rubuta labarinsa tare, shi yana ɓata rai yana gyara musu. A ƙarshe suka roƙi duk wanda ya karanta kada ya rubuta komai, ya turo murya, yadda yake magana a gidansa.

Muryoyi suka zo. Wani da mura, wata da jariri na tsala ihu, wani kamar ana korar sa. Aji ya fuskanci bango, ya sha wuya, ƙanena ya koma kujerarsa ba wanda ya roƙe shi. Can wata rana, ina wurin, sai ga wata 'yar murya mai giɓi: jikarsa ce, uban ya karanta mata labarin.

Ya karɓi wayar ya kara a kunne, ya lumshe ido.

"Sake," ya ce. Aka sake. "Sake." Malama har ta fara buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

Sai ya kwashe da dariya. "Yaya, ba gaisuwa ba ce! Cewa take, me ya sa agogunan shagona kowane da lokacinsa, wai ko ban iya gyara ba ne?"

Ya ba ta amsa da bakinsa, da Turancinsa mai ɗingishi. Yanzu kullum suna kan waya suna faɗa. Ni kuwa da nake masa magana da harshen da ya sha a nono, har yau sai na maimaita.