Isyaku Mai Yasa da Rijiyar Unguwar Kaɗanya

Isyaku gajere ne kakkaura, mai faffaɗan ƙirji, tafin hannunsa kuwa igiya ta cinye shi har ya yi kanta. Haƙar rijiya da yasarta ya gada wurin mahaifinsa, shi ya sa ake ce masa Isyaku Mai Yasa. Da aka datse ruwa a Tiga ya shanye ƙauyensu, aka kwaso su zuwa wani tudu kudu da Bebeji da ake kira Unguwar Kaɗanya. Can suka tarar ma'aikata sun riga sun haƙa musu rijiya guda. Isyaku ya leƙa ta, ya ga bakinta daidai yake da ƙasa, an dai gitta gumagumai an bar ta. Ya ce ba haka ake yi ba. Ba wanda ya saurare shi, kowa ta kansa yake yi, wajen ɗora jinka da neman gona. Sai ya rataye igiyarsa a zaure, ya kama noman albasa kamar kowa.

A shekarar 1976, bayan an gama girbin dawa, wuta ta taso daga jejin yamma ana gab da sallar azahar. Har yau ba a san wanda ya cinna ta ba. Iska ta koro ta cikin kara, ta ci gidaje tara na gefen gari da rumbunansu, ta lashe danga da zana, ta bi ta kan rijiya ta wuce. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma awaki da yawa sun mutu a turke. Gumaguman bakin rijiya suka ƙone suka rufta ciki, tare da duk wata dabba da ta zo da gudu ba ta ga rami ba.

Mutane suka ci gaba da jan ruwan, suna tacewa da tsumma, don babu wani. A kwana na uku yara suka fara gudawa. A na huɗu sai ga Malam Shitu dubagari daga Bebeji a kan kekensa, dogo siriri, da kakinsa da hularsa. Ya zaga gari, ya ga mushen awaki an jibge bayan gidaje ƙuda na bi, ya ga salgogi a buɗe tun da dangarsu ta ƙone. Ya sa aka jawo guga ɗaya ya sansana, sannan ya dubi Mai Unguwa Haladu.

"Ranka ya daɗe, daga yau kada a ƙara shan ruwan nan."

"To Malam, mu sha me?" in ji Mai Unguwa. "Dam tafiyar mil biyu ce, kuma kai da kanka ka ce ruwansa yana sa fitsarin jini."

"A ɗebo na dam ɗin a tafasa. Ni zan rubuta a aiko ma'aikata su gyara wannan, amma ba zan ɓoye maka ba, zai kai wata guda."

Isyaku yana tsugune a gefe yana saurare. Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Kwana huɗu ya ishe ni," in ji shi. "A ba ni mutum takwas masu ja, da kwanduna."

Malam Shitu ya dube shi sama da ƙasa. "Baba, ka san iskar da ke ƙasan nan tana kisa?"

"Na san ta. Ita ta kashe ƙanen mahaifina. Ka zo gobe ka gani."

Washegari da hantsi Isyaku ya kunna fitilar aci-balbal, ya ɗaura ta a igiya ya zura. Ba ta kai rabi ba ta mutu. Ya sa aka saro reshen bishiyar maina mai ganye, aka yi ta zura shi ana fizgowa don a kore muguwar iskar, har hannuwa suka gaji. Ya sake zura fitila, ta mutu. Aka koma kan reshe. Sai a karo na huɗu ta sauka har fuskar ruwa tana ci. Malam Shitu ya zaro ɗan littafinsa ya rubuta wani abu.

Isyaku ya yi bisimilla, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Kwana biyu ana jan baƙin ruwa da gawayi da laka. An fito da awaki biyu da gafiyoyi da ba a tsaya ƙirgawa ba. A sama kuwa Malam Shitu bai zauna ba. Ya sa aka haƙa rami mai zurfi can gangare, nesa da rijiya, aka binne mushen duka. Ya sa aka yi wa kowace salga murfi, aka zuba mata toka, abin da garin yake da shi a wadace. Barakatu, matar Isyaku, ita ta tara mata suka kafa murhu biyar a gindin kaɗanya. Duk tulun da ya zo daga dam sai ya bi ta hannunsu an tafasa kafin ya shiga gida. Wata tsohuwa ta ce tafasasshen ruwa ba ya kashe ƙishi. Barakatu ta ce, "Iya, sha ki ƙara, akwai shi da yawa."

A rana ta uku sabon ruwa ya tsattsafo. Malam Shitu ya zuba farar hodar da ya zo da ita a gwangwani, ya ce a bari ta kwana. Da safe aka jawo guga, ruwa garau. Mutane suka fara murna. Isyaku ya karɓi gugan ya kai hanci, ya daɗe, sannan ya zubar.

"Da saura," in ji shi.

"Warin magani ne kake ji," in ji Malam Shitu.

"Na ji na magani. Akwai wani a ƙarƙashinsa. Rijiyar da aka haƙa da gaggawa takan yi kogo a gefe, inda ruwa ya ci ƙasa. Ban laluba ɓangaren gabas ba."

Mai Unguwa ya so a haƙura haka nan, mata sun gaji da hanyar dam. Malam Shitu ya ce, "Shi ya shiga, ba mu ba. A bi maganarsa." Aka sake kwashe ruwan. Isyaku ya sauka, ya zura hannu har kafaɗa cikin wani rami a bango, ya jawo mushen dila da ya riga ya kumbura. Da kwandon ya iso sama, waɗanda suka yi gunaguni suka ja da baya suna toshe hanci. Kwana huɗun da ya ɗiba suka zama shida, kuma ba wanda ya tuna masa.

Kafin damina Isyaku ya sa aka yi gayya, aka farfaso marmara, Malam Shitu ya samo siminti buhu uku. Suka ɗaga bakin rijiya har ƙugun mutum, suka yi mata murfi, suka ja lambatu don kada ruwan farko ya kwaso tokar jeji ya zuba ciki. Kwamin shayar da dabbobi kuwa aka kai shi taku ashirin gefe. Gudawar ta tsaya, duk yaran suka tashi, har da 'yar wani makiyayi mai suna Buba da aka fara fid da rai da ita.

Daga nan igiyar Isyaku ba ta koma zaure ba. Duk inda gobara ta taɓa rijiya, a ƙasar Kiru ne ko Tudun Wada, har Doguwa, Malam Shitu yakan ce a nemo shi. Shi kuma ba ya sauka sai an yi masa alkawarin ɗaga bakin rijiyar da share ciyawar kewaye duk kaka. Wani dagaci ya taɓa cewa wannan sharaɗi ya yi yawa. Isyaku ya naɗe igiyarsa ya kama hanya, sai da aka bi shi har bakin gari ana ba shi haƙuri.

Ya yi ta wannan aiki har gwiwa ta hana shi sauka. Ko a lokacin ba a daina zuwa ɗaukarsa a bayan keke ba. Yakan zauna a bakin rijiya da sandarsa, a miƙo masa gugan farko ya sansana, ya ce a sha ko a sake yasa.