Ɗinkin da Ya Yaga Sunan Yaya Sale

Da wannan Ƙaramar Sallar da ta wuce, shekara goma sha takwas ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa a bayan dutse, nan Kazaure. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu zuwan. Ni ba marubuci ba ne. Daga aji huɗu na bar makaranta na bi mota, yanzu kuwa gyaran keken ɗinki nake yi a bakin kasuwa. In kun ga rubutun ya karkace, ku karɓe shi a haka. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, har yau in za a yi kwatancen gidanmu sai a ce "gidan Sale Keke". Rabin masu faɗin haka ba a haife su ba lokacin da aka laƙaba masa sunan. Ba su san zagi suke yi ba. To, ni na sani.

Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni nesa. Baduku ne kamar mahaifinmu. Ranar da aka sauke tutar Turawa, ina cikin 'yan makarantar da aka jera a rana muna kaɗa 'yar tuta, shi kuwa ko leƙowa bai yi daga zaure ba, don yana da ɗinkin taiki na masu gyaɗa da zai gama. Kayan aikinsa duka ba su cika jaka ɗaya ba: wuƙa, basilla, allurai, dunƙulen kakin zuma, dutsen wasa wuƙa, da wani guntun katako da yake yanka a kai. Da su ya yi aure, da su ya rufa wa gidanmu asiri bayan tsoho ya rasu. Daga Roni, daga Gwiwa, har daga Babura da tsallaken iyaka, ana zuwa neman guga da gafaka da takalmin fade na Sale Baduku. Wannan shi ne sunansa na gaskiya.

Ban gaji hannunsa ba, amma kunnena ya kwashi abin da ya kwasa, ga shi nan ga mai so. In ya je wurin majema, ba ya duban launi. Ninke fatar yake yi ya matse da ƙarfi. In fuskarta ta tsage, ya ce bagaruwa ba ta ratsa ta ba, ya ajiye. Fatar gadon baya ita ce ta tafin takalmi da maɗauri, ta ciki kuwa miƙewa take yi, sai dai a yi shafi da ita. Ba ya taɓa fata da wuƙa sai ta aske gashin hannunsa, don ya ce dakusasshiyar wuƙa ce take yanka mai ita. Duk inda zai ninke, sai ya fere bakin fatar ta ciki har ya yi sirara. Zare kuwa sai ya ja shi cikin kaki, saboda ruwa da gumi. Sannan huda. Nan ne sirrinsa yake: ba ya soka basilla a miƙe, karkata ta yake yi, kowace huda ta kwanta a gicciye, ta yadda komai kusancinsu ba za su haɗu su zama tsaga ɗaya ba. Shi ya sa yake iya ɗinki ƙanana, a matse, kamar an jera ƙwayar gero. Abin alfaharinsa ke nan. In ya ga ɗinki mai faɗin taku, sai ya ce mai shi yunwa yake ji ko raggo ne.

Ku riƙe wannan, don shi ne ya kayar da shi.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Ban ce ba a ji daɗi ba, ni ma na ci nawa a bayan mota. Amma ku tambayi dukawa. Buhu ya kori taiki. Tsohon tif na mota ya kori guga. Takalman roba suka cika kasuwa, masu ƙona tafin ƙafa da rana, masu wari, amma ga arha ga sheƙi. Mutanen da iyayensu suka yi layi a zaurenmu suka koma wucewa da sallama daga nesa. Yaya bai zauna yana zagin zamani ba, kamar yadda nake yi yanzu. Cewa ya yi da sauri aka fi shi, ba da kyau ba, saboda haka zai nemo sauri. Ya sayar da bijimin da yake kiwo, ya hau mota zuwa Kano, ya dawo da keke sabo fil, baƙi mai zanen ruwan zinariya, irin na teloli.

Na zo gida a tsakiyar azumi na tarar da shi yana taka shi, fuska cike da fara'a.

"Garba, zo ka ga aljani," in ji shi. "Kafin ka ce Bismillah ya zagaye takalmi."

Na ce, "Yaya, mai kantin ya ce yana ɗinka fata?"

"Ya ce ba abin da ba ya ɗinkawa."

Ƙarya ya yi masa? Ban sani ba. Keken yana huda fatar akuya ninki biyu ba gardama. Abin da bai gaya masa ba shi ne komai. Ya karɓi kuɗinsa ya ɗora masa a ka. A gefen dama na keken akwai wani ɗan ƙarfe da ake ɗagawa ko a sauke, shi ke ƙayyade faɗin taku. Yaya da kansa ya gano shi. Ya yi ta gwadawa har ya sami inda ɗinkin ya fi ƙanƙanta, ya fi matsewa, ya bar shi a nan. Me kuke so gwanin baduku ya zaɓa? Duk rayuwarsa ɗinki ƙanana shi ne mutunci. Da raggo ne, da ya tsira.

Labari ya bazu cewa Sale ya yi keke, fade ya yi sauƙi. A azumin nan ya karɓi aikin Sallah irin wanda bai taɓa karɓa ba. Fuskar takalmin da shafinta da gindin hanci duk keke ya zagaye su, tafin kirgi kawai yake haɗawa da hannu. Sun yi kyau, wallahi sun yi kyau, ja wur da karan dafi. Ni ma ya ba ni nawa.

Ranar idi muka fita. Zuwa lafiya. Aka idar da salla, kowa ya zura takalminsa, aka kamo hanyar gari a kan tsakuwar nan tamu da rana ta fara gasawa. Nawa ne ya fara. Na ji ɓarat, hancin ya taho da gefen gaba ɗaya. Kafin in sunkuya na ga wani dattijo a gabana yana ɗingishi. Can wani, can wani. Ba zaren ne ya tsinke ba. Fatar ce ta rabu a kan layin ɗinkin, tsaf, kamar yadda ake yage kan sarki a gidan waya. Keke ba ya karkata huda. A miƙe yake jera su, kuma Yaya ya matse su har sun kusa haɗuwa. Magidanta da manyan riguna, takalma a hannu, suna tsalle a kan duwatsu.

Akwai wani tela maƙwabcinmu, Mamman, wanda tun zuwan keken yake jin haushi. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam Sale! Ashe na zuwa kawai ka ɗinka mana, na dawowar sai Babbar Sallah?"

Aka kwashe da dariya.

"Ku bar shi," in ji Mamman, "ai ya tashi daga baduku. Sale Keke ke nan!"

 Takalmin da ke ƙafar Yaya tsoho ne, ɗinkin hannu, lafiyarsa ƙalau. Ya tsaya ya cire shi, ya miƙa wa dattijon nan mai ɗingishi, ya taka har gida ba takalmi. Ranar ko tuwon Sallah bai ci ba.

Abin da ya yi bayan nan shi ne masu kiransa Keke ba su sani ba. Washegari ya rataya jaka ya shiga bi gida gida yana karɓo takalman. Na cikin gari, na Roni, na ƙauyuka, har rugagen Fulani ta wajen Gwiwa, mafi yawa a ƙafa. Kuma ga wata masifa ta fata wadda duk mai koyo ya kamata ya sani: ba yadi ba ce. Huda in ta shiga ta shiga, ba a farke ɗinki a maimaita a wuri ɗaya. Dole ya yanke gefen da ya lalace, zagaye guda. In ka yanke gefen takalmin babba, ya zama na yaro. Sai ya mai da kowane ɗaya na yara, ya ɗinke da hannu, sannan ya yanka sabuwar fata ya yi wa uban wani. Duk wanda ya ba shi ɗaya, biyu ya mayar masa. Bai karɓi ko sisi ba.

Na ce masa, "Yaya, wannan ai kashe kai ne. Ka ba su haƙuri mana, kowa ya san tsautsayi."

Ya ce, "Haƙuri ba ya shiga ƙafa, Garba."

Ya cinye damina da kaka yana wannan aiki. Gonarsa ta tafi a ciyawa. Keken kuwa ya lulluɓe shi da tsohon zane ya tura lungu, bai ƙara dubansa ba. Ciniki bai dawo ba. Roba ta riga ta ci kasuwa, ga kuma abin dariya da aka samu. Ya rayu 'yan shekaru yana ɗinkin laya da kuben wuƙa, tari ya kama shi, ya tafi. Ajali ne, na sani, ba sai malamai sun tuna mini ba. Amma na ga yadda mutum yake raguwa in yaran unguwa suna kiransa da sunan ranar da ya fi jin kunya a duniya.

Bayan rasuwarsa na gaji da bin mota, na zauna wurin wani tsohon makanikin keke a Kano na koyi gyara. Wata rana wani mai ɗinkin jakar fata ya kawo nasa, sai na ji maigidana yana masa bayani, a tsaitsaye, yana cin goro. In za ka ɗinka fata, sauke ƙarfen nan ƙasa, taku ya yi faɗi. Sa allurar fata, mai baki kamar wuƙa, da zare mai kauri. Kada ka koma da baya don ƙulle ɗinki, yanka fatar yake yi. Bar jelar zaren ka ƙulle da hannu. In fatar tana manne wa ƙarfen da ke danne ta, shimfiɗa takarda a kai ko ka shafa ɗan mai. Inda ya yi kauri, ɗauke ƙafarka ka juya da hannu. Kuma kafin ka taɓa aikin mutane, ɗinka ƙyallen fata, ka ja shi da ƙarfinka duka ka gani.

Shi ke nan. Maganar ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Na fita bayan shago na zauna a ƙasa. Motsin babban yatsa ɗaya ne tsakanin Sale Baduku da Sale Keke, kuma duk faɗin ƙasar nan mai kuɗin mai, ba a sami mutum ɗaya da ya gaya masa ba. Da na dawo Kazaure na yaye zanen, na sauke ƙarfen, na ɗinka ƙyallen fatar akuya. Na ja har hannuna ya yi ciwo. Bai yage ba.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. An ce mana mun sami sabuwar jiha. Kuɗin man sun bi inda suka bi, robar ma yanzu faci ake yi mata da wuta a bakin titi. 'Ya'yansa ɗaya yana acaɓa, ɗaya yana canjin sefa a Babura, ba wanda ya san yadda ake riƙe basilla, kuma ban ga laifinsu ba. Fatunmu ana lodinsu a mota ɗanyu, su dawo mana a takalmin da ba ma iya saye. Ni abin yana ƙona mini rai. Shi kuwa na san halinsa, ba zai tsaya zagi ba. Juya takalmin zai yi ya duba ɗinkin.

Kwanakin baya wani Bafulatani magidanci ya kawo mini keken matarsa daga wajen Gwiwa. Yana zaune ina kwancewa, sai ya ce, "Baba, an ce mini kai ne ƙanen Sale Keke."

Na ajiye sukuddireba. Na ce, "Sunansa Salihu. In ba za ka iya faɗa ba, ɗauki kekenka."

Ya rikice. "Allah Ya ba ka haƙuri, Baba, a tasha aka yi mini kwatance haka. Mu a rugarmu ba mu san wannan ba. Mu dai mun san wani baduku da ya zo da ƙafa cikin ruwan sama, ya karɓi takalmin Baffa, ya dawo da biyu. Ƙaramin ni aka ba. Shi ne takalmina na farko a duniya."

Na ce, "Ya yi ƙarko?"

"Ni na sa, ƙannena suka sa bi da bi. Tafin ne ya cinye har ƙasa tana taɓa ƙafa. Ɗinkin kam muna jefar da shi yana nan yadda yake."

 Na gyara keken, na ƙi karɓar ladan, ya yi ta mamaki.

To, ga abin da ya rage na Yaya Sale, na auna shi ba ƙari. A gari, sunan ba'a, wanda tela Mamman ya mutu ya bari yana yawo. A wasu rugage da ban san adadinsu ba, magidanta da suka fara taka ƙasa da ɗinkin hannunsa. A wurina kuwa, jakar kayan aikinsa, da wani ƙulli da na samu a cikinta: gefunan nan da ya yanke, bai zubar ba, sun bushe sun nannaɗe, kowanne da jerin hudarsa ƙanana, a matse, gwanin kyau.

Ɗaya yana rataye a shagona. Duk wanda ya kawo mini keke, tela ne ko mai jaka, ko yana sauri ko ba ya yi, ba ya fita sai na miƙa masa ya ja ya ga yadda yake rabuwa. Sannan in kama babban yatsansa in ɗora a kan ɗan ƙarfen nan, in sauke shi ƙasa. In ya tambayi wanda ya koya mini, sai in ce Sale Baduku.