Bas Ɗin da Na Sayo a Tsohuwar Majemarmu

Shekara goma sha shida na yi a wata majema a Challawa, ina jujjuya ɗanyar fata a ruwan magani. Ranar da na ajiye aikin ko sallamar kirki ban yi da kowa ba. Na tuɓe takalmin roba, na wurga shi bayan ɗakin masu gadi, na ce ni da ƙofar nan har abada. Abin da aka sallame ni da shi na ɗauka na nufi Na'ibawa, wurin wani Alhaji abokin yayana mai filin sayar da motoci a bakin titin Zariya.

Ya ba ni kusurwa ɗaya, iya inda mota biyu za su tsaya, ya ƙara mini da shawara.

"Mai ƙaramin jari ba ya taɓa kowace mota," in ji shi. "Ka kama iri ɗaya ka san shi ciki da waje. Ka ga wancan, 'yan Kwatano kawai yake kawowa. Na kusa da shi a-kori-kura. Kai me ka sani?"

Na ce na san motocin kamfani. Kuma gaskiya na faɗa. Direbobin masana'antu daga Sharada har Bompai tare muke shan shayi, na san inda ake canza wa mota mai a kan kari, na san inda ake kashe ta da lodi. In kamfani zai sake motoci, labari na riga dillalai ji. Ta farko da na saya daga wani kamfanin alewa ce a Bompai, cikinta sai ƙamshin minti, ko mako ba ta yi ba aka ɗauke ta. Ta biyu daga kamfanin robobi a Sharada, ita ma haka. Sai kaina ya fara girma. Na ɗinka sababbin kaya kala biyu, na koyi kaɗa makulli a yatsa.

Ta ukun ita ce bas ɗin tsohuwar majemarmu, mai kujera goma sha takwas. Injinta na sani kamar muryar gidanmu, don shekaru na yi ina shigarta. Da farko ma'aikata take ɗauka, daga baya in aiki ya matse sai a ciccire kujerun baya a loda mata ɗanyar fata mai gishiri. Ban taka ƙofar ba, wani direba na tura ya fito mini da ita. Duk abin da nake da shi na zuba a kanta, don na tabbata riba ce zalla.

Mai wankin motocin filin wani dattijo ne mutumin Jigawa, marar yawan magana. Ya wanke ta da garin sabulu da injin feshi, ya goge gilasai, ya shafa wa tayoyi mai har suna ƙyalli. Na shiga na zauna, na ja numfashi, ban ji komai ba. Duk da haka na ce bari in tabbatar, sai na kira tsofaffin abokan aikina su uku da suka tashi daga aikin safe. Suka shiga ɗaya bayan ɗaya suna shinshina kujeru kamar masu sayen turare.

"Tas take," in ji babbansu. "Kai, ko amarya ka ɗauko a wannan ba ka ji kunya ba."

Mako uku bas ɗin nan tana tsaye. Mutum zai zo, ya zagaya ta, ya ji ƙarar inji ya gyaɗa kai, ya buɗe ƙofa ya sa ƙafa ɗaya, sai ya tuna ana jiransa a wani wuri. Ni kuwa na kasa zama. In na zauna a benci sai in miƙe, in na miƙe sai in zagaya ta, in sake goge madubin da na goga ɗazu. Na zargi kuɗin da na sa mata, na rage. Na zargi fenti. Har dillalan filin na zarga, na ce su suke kore mini mutane, na yi wa ɗaya tatas a gaban jama'a. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Wata Hajiya ce ta fasa ƙwan, mai makarantar yara a Sharada, tana neman motar ɗaukar ɗalibai. Da azahar ta zo, rana ta gasa motar tun safe gilasai a rufe. Ta shiga har kujerar tsakiya ta zauna, sai ga ta ta fito da sauri ta toshe hanci da mayafi.

"Malam, tsakaninka da Allah, 'ya'yan mutane zan zuba a nan? Mushe kuka ɗauka da ita?"

Raina ya ɓaci, na ce ai an wanke ta, mutum uku sun shaida. Ta shiga motarta ta tafi. Na juya kan mai wanki na ce ya faɗa mini gaskiya.

"Tun ranar farko take wari, Malam," ya ce, yana matse tsumma. "Da rana ma har daga nan ina jinta."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Kun kawo mutanenku sun ce tas. Ni wa?"

A nan na gane wautar da na tafka. Ni da hancina ya mutu a majema, na je na kirawo wasu masu mataccen hanci uku su yi mini alƙalanci. Mu huɗu da muke cin tuwo a gefen ramin jiƙa fata ba tare da mun yamutsa fuska ba.

Da la'asar Alhaji ya kira ni gefe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce masu zuwa duba motocinsa sun fara tsayawa daga nesa, kuma ba zai iya ci gaba da haka ba. Ya ba ni zuwa Juma'a ta sama, ko warin ya fita, ko motar ta fita. Ni kuma na san in ta fita ba a sayar ba, babu abin da zan sa a kusurwar, sai dai in koma in roƙi tsohon aikina.

Muka kwance kujeru duka. Da muka ɗaga robar ƙasa, sai ga abin a fili: ruwan fata da gishiri sun bi ta kowace kafa sun daskare, baƙi ƙirin, har ƙarfe ya fara ci. Muka kankare da wuƙa da burushin waya. Muka zuba kanwa, muka wanke, muka bi da toka, muka bi da lemon tsami. Na kai kujeru wurin mai ɗinki ya sake soso da leda. Na shimfiɗa gawayi rabin buhu a ciki ya kwana biyu. Wani ya ce turaren wuta, na sa kasko na rufe gilasai, mai wanki ya leƙa ya ce yanzu ta zama fata mai turare. Abin da ya fi ci mini rai, duk wannan wahala ba ni da hanyar sanin ko ana ci gaba. Sai dai in tsaya ina kallon fuskar wani, ina jiran hancinsa ya yanke mini hukunci.

Ranar Alhamis mai wanki ya ce shi kam ya daina ji, amma kada in yarda da shi, kwana shida ya yi a cikinta, nasa hancin ma ya saba. Sai na je gida na ɗauko matata, don ita ba ta iya ɓoye abu a fuska. Na bar motar a rana, na buɗe mata. Ta shiga ta zauna.

"Akwai saura," ta ce.

"Kamar yaya? Da yawa?"

"Kaɗan ne. Kamar rigarka in na wanke ta sau biyu."

Na ce wace riga, ai na kusa shekara rabona da majema. Ta ce ta sani, yanzu ya tafi, da can take nufi. Na ce shekara goma sha shida ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Da shi muke ci, me zan ce?" Na rasa inda zan sa idona. Na tuna sahun masallaci, da gidajen biki, da yadda nake kutsawa cikin mutane ina ganin fes nake.

Ban jira Alhaji ya sake magana ba. Juma'a da safe na tayar da bas ɗin na kama hanyar Kumbotso, ina tuƙi ina zagin kaina, har Challawa. Na tsaya ƙarƙashin wata dalbejiya daura da ƙofar majemar, daidai lokacin da ake canjin aiki. Kafin a tafi masallaci wani direba mai jigilar ma'aikata zuwa ƙauyuka ya zo ya shiga, ya danna sabon soso da hannu, ya ja numfashi mai tsawo.

"Kai, wannan ƙamshi fa? Sabuwa ce?"

Ko tayi bai ja da nisa ba, ya saya. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, amma daɗin bai kai ciki ba.

Ban koma Na'ibawa ba. Na gane irin motar da zan iya sayarwa da irin mutanen da za su saya, kuma dukansu a nan suke. Yanzu a ƙarƙashin dalbejiyar nake ajiye motocina, na majemu zalla, masu sayena kuwa 'yan fata ne da direbobin ma'aikata. Ciniki yana tafiya. Sai dai kullum in zan koma gida nakan canza riga a bayan mota, in na isa kuma ba na zama cikin yara sai na miƙa wa matata hannun rigar ta shinshina.