Yadda Baba Ya Zama Mai Duba

Shekarar da Baba ya yi ritaya, babu abin da ya dami gidanmu kamar Baba. Mutumin da ya saba barin Suleja tun da asuba ya bi motar Abuja, sai ga shi zaune yana lura da yawan ruwan da muke ɓarnatarwa wajen alwala. Abu ɗaya ya rage masa na girma: idan liman ya yi tafiya, shi ke jan salla a masallacin layinmu, kuma ba ya wasa da wannan.

Wanda ya cece mu maƙwabcinmu ne a gidan haya, wani dattijo Bayarabe, tsohon malamin makaranta, da kowa ke ce wa Ticha. Shi ya koya wa Baba wasan nan na bayan jaridar Turanci, mai gidaje baƙaƙe da farare da ake cikewa da haruffa. Kuma ba mai sauƙin ba. A wannan, kowace tambaya kacici-kacici ce: rabinta ya gaya maka ma'anar kalmar, ɗaya rabin ya gaya maka yadda za ka ƙera ta, ko ka hargitsa haruffan wata kalma, ko ka tono ta daga cikin wasu.

Jaridar ta Ticha ce, yana kuma da doka: biro ba ya taɓa takarda sai an tabbatar da amsa.

"Alhaji, abeg, ban son kansil a fefa na," in ji shi, wato kada a yi masa soke-soke a jarida. "Ka gwada a wani wuri tukuna."

Wani wurin da Baba ya samu shi ne ƙasa. Kullum da hantsi zai zauna gindin mangwaron ƙofar gida, ya share yashi da tafin hannu, ya ja layi, ya ɗiga ɗigo a gurbin kowane harafin da bai samu ba. Bakinsa na motsi, yana lissafi da yatsu. Can sai ya ɗaga kai sama, ya jinjina, ya ce, "Na gano shi."

To, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wane ne ke share yashi yana ɗiga ɗigo.

Wata mai awara ce ta fara zuwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce akuyarta ta ɓata. Baba, hankalinsa na kan wata kalma, ko ɗagowa bai yi ba ya ce ta duba wajen mai dusa. Duk akuyar da ta ɓata a layinmu can take zuwa, wannan ko yaro ya sani. Amma da aka same ta a can, shi ke nan, Baba ya zama abin da ya zama. Har daga Diko wani direba ya zo a duba masa wanda ya cire masa batir. Baba ya fatattake shi, mutane suka ce ai malamin gaske dama ba ya son a san shi. Umma kuwa kajin da ake kawowa ta bayan gida karɓa take, wai mayar da kyauta ba tarbiyya ba ce.

Mu dariya muke, har ranar da liman ya tafi Garam ɗaurin aure. Aka tayar da iƙama, Baba ya taka zai wuce gaba, sai ladan ya yi kamar bai gan shi ba, ya tura wani matashi mai shagon caji. Ina sahu na biyu ina kallon ƙeyar Baba. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Da liman ya dawo, dattawa suka kira Baba harabar masallaci. Ya tafi da jarida a hammata, ina biye da shi, Ticha ya tsaya a bakin katanga a matsayin shaida. Maimakon Baba ya yi magana da baki, sai ya tsuguna ya share yashi a gabansu. Wani tsoho ya janye ƙafarsa yana a'uziyya.

Baba yana da wata cuta: idan ya fara bayani, sai ya ga ƙarshensa. Ya karanta tambaya ɗaya, ya fassara, ya nuna inda ma'ana take da inda tarko yake. Ya rubuta haruffa a ƙasa, ya hargitsa su, ya sake jerawa. Ticha na gyara masa daga bayan katanga. Ya kama ta biyu. Kafin ya kai ta huɗu, tsohon nan mai a'uziyya ya fara gyangyaɗi.

Liman ya ɗaga hannu. "Alhaji, dakata. Idan kun cike gidajen nan duka, me ake ba ku?"

"Allah gafarta Malam, ba a ba da komai."

"To sai a yi yaya?"

"Sai gobe a kawo wata."

Liman ya juya wajen dattawa. "Jama'a, mun ɗauki alhakin bawan Allah. Wannan ba duba ba ne. Rashin aikin yi ne kawai. Ya ci gaba da ja mana salla."

Aka fashe da dariya, ana ba shi hannu ana neman gafara. Ni ma na yi dariyar, don na ɗauka mun yi nasara.

Muka kama hanyar gida, ni da Baba. Motocin Abuja na ta sauke ma'aikata a bakin titi, kowa da jakarsa, a gajiye. Ya tsaya yana kallonsu har na matsu mu tafi.

Na ce, "Baba, ai sun wanke ka."

"Sun wanke ni," ya ce, bai dube ni ba. "Amma da sun bar ni a mai duban. Shi ko ba komai an san yana da sana'a."